Yadda ake gashin ciwon matsewar jijiyoyi a gindin wuya, kafin tiyata da bayanta

Daga gindin wuya zuwa hamata akwai wata siririyar hanya da abubuwa uku ke bi su gangara hannu: damin jijiyoyin ji da motsi da ke fitowa daga lakar wuya, da jijiyar da ke kai jini hannu, da wadda ke mayar da shi zuciya. Hanyar tana da matsatsi a wuri uku. Na farko tsakanin tsokoki biyu na gefen wuya da ake kira sikalin, na biyu tsakanin ƙashin wuya, wato wanda ya kwanta daga gindin maƙogwaro zuwa kafaɗa, da haƙarƙarin farko, na uku ƙarƙashin ƙaramar tsokar ƙirji, dab da kafaɗa. In ɗayansu ya ƙara tsukewa har ya danne abin da ke wucewa, shi ne ciwon da likitoci ke kira thoracic outlet syndrome da Turanci, suna rubuta shi TOS a taƙaice. Mai shi yakan yi kukan zugi daga wuya zuwa damtse, da mutuwar ƙaramin yatsa da na kusa da shi, da hannun da ke sarewa da zarar an ɗaga shi sama, ko da taje kai ne ko shanya.

Sunan ciwon ya shigo ne a 1956 cikin wani rahoto da Peet da abokan aikinsa na asibitin Mayo da ke Amurka suka fitar, kuma rahoton kan motsa jiki ne, ba kan wuƙa ba. Har yau da gashi, wato jinya ta hanyar motsa jiki, ake farawa ga mafi yawan masu ciwon. Sai dai aikin yana da jeri, kuma jerin ne maganin: a fara kwantar da jijiya, a buɗe mata hanya, sannan a ƙarfafa tsokokin da za su riƙe hanyar a buɗe. Yawancin waɗanda ke zuwa mini suna cewa gashi ya ƙara musu ciwo, in na bincika sai in tarar daga mataki na ƙarshe aka fara da su.

Kayan da za ka tanada

- Shimfiɗa mai ɗan tauri a ƙasa. Katifa mai laushi ba ta yi, baya nutsewa yake a cikinta.
- Babban tawul wanda za a naɗe shi ya kai kaurin damtse, da ƙarami guda.
- Zanin gado ko doguwar ɗamara wadda ba ta miƙewa.
- Filo biyu ko uku.
- Kujera mai tsayayyen baya, zai fi kyau in tana da wurin ɗora hannu.
- Madubi. In babu, jingine waya ka ɗauki bidiyon kanka.
- Robar motsa jiki, mafi laushin da aka samu. In babu, gorar ruwa ta rabin lita ta isa, nauyinta rabin kilo ne.
- Sanda marar nauyi mai tsawon kusan mita 1.
- Ɗan littafi da biro, da agogo.
- Don bayan tiyata: na'urar shaƙar iska da asibiti ke bayarwa, da man shafawa marar turare.

Ko da a gida za ka yi yawancin aikin, ka samu likitan gashi ya duba ka tun farko, ya kuma sake dubawa bayan kowane mako biyu ko uku. Akwai abin da madubi ba zai nuna maka ba, musamman abin da allon kafaɗa ke yi a bayanka.

KAFIN TIYATA

1. Ka san wace jijiya aka danne

Fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon, jijiyar ji da motsi ce ke matse, kuma su wannan bayani ya fi shafa. Sauran kuwa jijiyar jini ce, kuma gashi ba ya warware ta. In hannu ya kumbura farat ɗaya, ya yi nauyi, launinsa ya yi duhu ko shuɗi-shuɗi, jijiyoyi suka fito raɗa-raɗa a kafaɗa da saman ƙirji, akwai yiwuwar jini ya daskare a ciki. In kuwa ya yi sanyi ƙalau, ya koɗe, yatsu na ciwo, to jinin ne ba ya isa. Duka biyun asibiti ake nufa a ranar, ba tausa ba atisaye. Haka in naman tafin hannu, musamman na gindin babban yatsa, ya fara zagwanyewa: wannan jijiyar ta daɗe a danne, likitan tiyata ya kamata ya fara gani.

A kuma tabbatar ba daga faifan da ke tsakanin ƙasusuwan bayan wuya ko matsewar jijiya a gwiwar hannu ko wuyan hannu ciwon ke tasowa ba, domin suna kama da juna. Hoton ƙashi zai nuna ko kana cikin tsirarun mutanen da aka haifa da ƙarin haƙarƙari a wuya, wanda ke tsirowa daga na bakwai cikin jerin ƙasusuwan bayan wuya.

2. Auna inda kake

Zauna, ɗaga hannu biyu gefe daidai kafaɗa, lanƙwasa gwiwar hannu yatsu na kallon sama, ka riƙa buɗe tafi kana dunƙulewa a hankali. A asibiti minti 3 ake so a kai. Wannan shi ne gwajin Roos, sunan likitan da ya bayyana hanyar cire haƙarƙarin farko ta hamata a 1966. Kai a gida ba cika minti 3 ne burinka ba. Da ka ji zugi ko mutuwar yatsu ta fara, sauke hannu, ka rubuta daƙiƙa nawa ka yi. Sau ɗaya a mako biyu ya wadatar.

Rubuta kuma ƙarfin ciwo daga 0 zuwa 10 safe da dare, da yawan farkawar da yake sa ka yi. Daga nan za ka riƙa yi wa kowane atisaye hukunci. Tsamin tsoka ba laifi. Amma in zugi, ko jin kamar ana tsira allura, ya ƙaru bayan atisaye kuma bai lafa cikin awa ɗaya ko biyu ba, ko ka wayi gari da shi fiye da jiya, ka zarce. Rage rabi. Jijiya ba ta cika nuna fushinta nan take ba, sai dare ya yi, shi ya sa mutum kan yi rantsuwa atisayen bai yi masa komai ba alhali shi ne ya hana shi barci.

3. Ɗauke mata kaya

Mako biyun farko kusan duk a nan za su tafi. In za ka zauna, gwiwar hannu ta samu madogara: hannun kujera, tebur, ko filo a cinya, yadda nauyin hannun ba zai rataya a wuya ba. Allon kwamfuta ya zo daidai ido, linzaminta kusa da jiki. Kada ka matse waya tsakanin kunne da kafaɗa. Tashi ka ɗan zaga duk bayan minti 20 zuwa 30. In kana tuƙi, riƙe sitiyari daga ƙasa.

Jaka mai igiya ɗaya a kafaɗar da ke ciwo ta haramta, kuma jakar goyo mai nauyi ba ta fi ta sauƙi ba, don igiyarta kan ƙashin wuya take sauka. Ga mata, siririyar igiyar rigar mama mai nutsewa a kafaɗa tana yin irin wannan ɓarnar, a nemi mai faɗi.

Barci kuma rigingine, da filo ƙarƙashin kowane hannu, ko a gefen da ke lafiya ana rungume da filo. Banda rub da ciki, banda cusa hannu ƙarƙashin kai. Wanda hannunsa ke haurawa sama da kansa cikin barci, ya sa riga mai faɗi ya bar hannun a cikinta, kada ya zura shi a hannun rigar.

4. Gyara numfashi

Wannan matakin ne mutane suka fi rainawa, ni kuwa a kansa na fi tsayawa. Tsokokin sikalin daga ƙasusuwan wuya suke saukowa su kama haƙarƙari na ɗaya da na biyu, kuma ɗaya daga cikin ayyukansu shi ne ɗaga su idan ana haki. Mutum yana numfashi kusan sau 20,000 a yini. In da saman ƙirji yake yi, kowane ja yana ɗaga haƙarƙarin farko zuwa ga jijiyar, tsokokin kuma ba sa samun hutu. Ciwo da damuwa suna ƙara tura mutum ga irin wannan numfashin, sai abu ya zama zagaye. Likitan gashi Peter Edgelow na Kalifoniya ya gina tsarinsa na kula da masu wannan ciwo ne da numfashi a matsayin tushe.

Kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ɗan filo ƙarƙashin kai. Ɗora tafin hannu mai lafiya a ciki, saman cibiya. Shaƙi iska ta hanci cikin daƙiƙa 3 zuwa 4, ka bar ciki da ƙananan haƙarƙari su buɗe. Fitar da ita ta baki, leɓe a tsuke, cikin daƙiƙa 6 ko fiye. Fitarwar ce mai muhimmanci, a lokacin ne haƙarƙarin sama ke sauka. Bayan ja biyar, mayar da yatsunka gefen wuya, saman ƙashin wuya kaɗan. In kana jin tsoka na tauri a ƙarƙashinsu duk sanda ka shaƙa, iskar da kake ja ta yi yawa. Rage ta har wurin ya zauna lakwas.

Yi minti 5, sau uku ko huɗu a yini. Kuskuren da aka saba shi ne tura ciki waje da ƙarfi, ko cika huhu har jiri ya ɗebi mutum. Ba yawan iska ake nema ba. In ka iya a kwance, koma zaune, sannan tsaye, sannan kana tafiya. Wanda kwanciya rigingine ke tayar masa da ciwo ya kishingiɗa a kujera da filo ƙarƙashin hannuwa.

5. Sassauta wuya da haƙarƙarin farko

Kana kwance, gyaɗa kai ƙasa kaɗan, haɓa ta ja ciki, ƙeya ta yi tsawo a kan shimfiɗa. Kada ka ɗaga kai. Riƙe daƙiƙa 5, maimaita sau 10. Wannan yana tayar da ƙananan tsokokin da ke can cikin gaban wuya, waɗanda in sun yi lalaci sikalin ke ɗaukar aikinsu.

Sai na zanin gado. Ninke shi ya zama ɗamara, ka zauna a kan ƙarshensa ɗaya, ka hauro da shi ta baya ya ratsa kafaɗar da ke ciwo dab da gindin wuya, ya sauko ta gaba. Kama shi da hannu mai lafiya. Karkatar da kai kaɗan zuwa gefen ciwon don tsokar ta saki. Yayin da kake fitar da numfashi, ja zanin ƙasa wajen ƙugun ɗaya gefen, a tausashe. Saki in za ka shaƙa. Sau 5 zuwa 8. Mai ƙarin haƙarƙari a wuya ko mai matsalar jijiyar jini ya bar wannan sai likitansa ya amince.

Za ka ga ana koyar da kama kai da hannu a ja shi gefe don miƙar da wuya. A farkon jinya ba na yarda da shi. Jijiyar a tsakanin tsokokin nan take, ba yadda za a ja su ba a ja ta ba.

6. Buɗe ƙirji

Shimfiɗa naɗaɗɗen tawul a tsaye, ka kwanta a kansa ya bi tsakiyar gadon bayanka, kai a kan filo. Hannuwa a gefe kusa da ƙugu, tafi na kallon sama. Ci gaba da numfashin mataki na 4 na minti 2 zuwa 3, nauyin kafaɗu da kansa zai buɗe ƙirjin. Duk bayan 'yan kwanaki ka ɗan ƙara nisanta hannuwan daga jiki, muddin yatsu ba su yi magana ba. In hannun bai kai ƙasa ba, tokare shi da filo.

Dafa ƙofa da hannuwa a sama a tura ƙirji gaba kuwa, duba shi da kyau: tsayuwar gwajin Roos ce sak, wato wurin da aka san yana tayar da ciwon. In za ka yi, hannuwa su kasance ƙasa, kusa da ƙugu, kuma sai bayan makonni.

7. Zamar da jijiya

Ka ɗauki jijiya kamar zariya cikin ƙubakar wando. In ka ja bakinta biyu lokaci guda, ɗaurewa take yi. In ka ja ɗaya ka saki ɗaya, sai ta zame. Zamewar muke so.

Zauna, hannu a gefe, ɗan nesa da jiki, gwiwar hannu a lanƙwashe. Miƙe gwiwar a hankali, tafi na kallon gaba, a lokaci guda kana karkatar da kai zuwa wannan hannun. Sannan lanƙwashe gwiwar, kai ya dawo tsakiya. Ba tsayawa, ba riƙewa. Fara da sau 5, sau ɗaya a yini, ka jira ka ga abin da dare zai ce. Ka tsaya kafin wurin da ja ke farawa, ba a kansa ba. In ko wannan ya yi yawa, motsa wuyan hannu kawai, gwiwa na kan filo.

8. Ƙarfafa masu riƙe allon kafaɗa

Kada ka shigo nan sai ciwon dare ya ragu, kuma numfashi ya zauna.

Akwai umarnin da kowa ya taɓa ji, wai ja kafaɗu baya ka danna su ƙasa. Ga mai wannan ciwon yakan zama guba. Tsayuwar soja irin wannan tana sauke ƙashin wuya kan haƙarƙarin farko, har ma likitoci na amfani da ita a matsayin gwajin tayar da ciwon. Tsaya gaban madubi ka duba. Da yawa daga masu ciwon kafaɗarsu a zube take, ta fi ɗayar sauka, ƙashin wuyan ya kwanta maimakon ya ɗan haura ta wajen kafaɗa. Irin wannan ɗagawa take buƙata. Ɗaga ta sama santimita 1 ko 2 tare da ɗan ja baya kaɗan, har ta daidaita da 'yar'uwarta, riƙe daƙiƙa 5, sau 10. In ka ji yatsu sun yi sauƙi a wannan matsayin, ka samu wurin zamanta. Wanda tasa kafaɗar a ɗage take kullum, kusa da kunne, shi sakinta zai koya, ta hanyar numfashi.

Daga wannan matsayi ake gina saura, ɗaya bayan ɗaya, ba duka a rana guda ba:

- Kwance rigingine, miƙa hannu sama wajen rufi, tura shi gaba har allon kafaɗa ya bar ƙasa, dawo da shi.
- Ƙaramin tawul a matse tsakanin gwiwar hannu da haƙarƙari, juya hannu waje kana jan roba.
- Ɗaure roba daidai ƙugu, ja ta baya, gwiwar hannu kada ta wuce layin jiki.
- Dafa bango da damatsa, zame su sama iya inda babu alama.

Zagaye biyu na sau 10. Ƙara yawa zuwa 15 ko 20 kafin ka ƙara nauyi, kuma nauyin rabin kilo-rabin kilo. In ka ga jijiyoyin wuya sun miƙe ko kana riƙe numfashi, kayan sun fi ƙarfinka.

9. Yanke shawara da shirin tiyata

Ba a yi wa gashi hukunci kafin mako 8 zuwa 12 na aiki kullum, kuma likitocin tiyata da dama sukan so a kai wata 3 zuwa 6. Littafinka ne shaida. In daƙiƙun gwaji na ƙaruwa, barci na gyaruwa, ci gaba. In babu motsi, likita na iya yi wa tsokar sikalin allurar kashe zafi. Samun sauƙi na 'yan awoyi bayanta alama ce cewa a nan matsalar take.

In an tsayar da tiyata, wahalar da ka sha ba ta faɗi ƙasa ba, don duk atisayen nan za su dawo bayanta, kuma koyonsu da ɗinki a jiki ya fi wuya. Tambayi likitan ta ina zai shiga, saman ƙashin wuya ko hamata, me zai cire, kilo nawa ya yarda ka ɗaga, yaushe za ka yi tuƙi. Koyi tashi daga gado ta mirginawa gefe mai lafiya. Sauko da kayan da kake amfani da su kullum zuwa tsakanin ƙugu da ƙirji. Tanadi riguna masu maɓalli a gaba. Mai shan taba ya daina tun yanzu, tana jinkirta warkewar rauni.

BAYAN TIYATA

Yawanci ana cire haƙarƙarin farko da sashen tsokokin sikalin, a share tabon da ya naɗe jijiya, wani lokaci a saki ƙaramar tsokar ƙirji. Makonnin da zan ambata kimantawa ce. Inda maganar likitan da ya yi aikin ta saɓa da tawa, tasa za ka bi.

10. Mako biyun farko

Huhu ne kan gaba, domin aikin dab da samansa aka yi. Ja na'urar shaƙar iska sau 10 a kowace awa in kana farke. In ba a ba ka ba, yi dogon numfashi na ciki, riƙe daƙiƙa 3, saki. Rungume filo in za ka yi tari. Tashi ka taka tun ranar farko in an yarda, gajeriyar tafiya sau da yawa.

Motsa yatsu, wuyan hannu da gwiwar hannu a kai a kai. Juya kai dama da hagu iya inda ba ja. Sunkuya ka dafa tebur da hannu mai lafiya, ka bar ɗayan ya yi lilo a ƙananan da'irori na rabin minti. Majanyin rataye hannu, in an ba ka, na ɗan lokaci ne. Wanda ya maƙale masa saboda tsoro yakan ƙare da sandararriyar kafaɗa, ciwo na biyu ke nan a kan na farko. Barci a kishingiɗe da filo ƙarƙashin hannun ya fi daɗi. In za ka sa ƙanƙara, naɗe ta a tawul, minti 10 zuwa 15, kuma ka riƙa dubawa, don fatar da ta mutu ba za ta gaya maka sanyi ya yi yawa ba.

Mutuwar fata a cikin damtse bayan aikin hamata, ko a saman ƙirji bayan aikin wuya, abu ne da aka saba gani. Zugin hannu ma na iya ƙaruwa na ɗan lokaci, jijiyar da aka taɓa ce ke ƙorafi. Waɗanda ba a jira da su su ne: sarƙewar numfashi ko ciwon ƙirji, zazzaɓi da ya kai digiri 38, kumburin hannu ko sauya launinsa, rauni ya yi ja yana zubar da mugunya, ruwa fari kamar madara na fita daga wurin, musamman in aikin hagu ne, ko hannu ya rasa ƙarfi farat ɗaya. Haki idan an kwanta rigingine ma a faɗa wa likita, don jijiyar da ke motsa tantanin numfashi a kan tsokar sikalin ta gaba take bi.

11. Mako na 2 zuwa na 6

Aikin wannan zango shi ne hana sabon tabo kama jijiya. Jiki zai cike gurbin da aka buɗe da tabo ko ana so ko ba a so, kuma tabon da ya manne wa jijiya yana cikin manyan dalilan dawowar ciwon. Motsi kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini, shi ke sa ya warke da sassauci.

Kwanta rigingine, riƙe sanda da hannu biyu, mai lafiya ya ja ɗan'uwansa sama, sau 10. Zauna gaban tebur, ɗora tafi kan tawul, zame shi gaba. Daga baya ka hau bango da yatsu. Dawo da gyaɗa kai na mataki na 5 da zamar da jijiya na mataki na 7, ka fara daga sau 3 zuwa 5. Na zanin gado kuwa an gama da shi, haƙarƙarin da ake dannawa babu shi.

In rauni ya rufe sarai, ɓawon ya faɗi, likita ya ba da izini, fara tausar tabo. Ɗan mai a yatsa biyu, danna har fata ta motsa a kan abin da ke ƙarƙashinta, ka zagaya, ka yi sama da ƙasa, ka yi gefe da gefe, minti 3 zuwa 5 sau biyu a yini. In wurin ba ya son taɓawa ko kaɗan, fara da shafa auduga, sannan tawul, har ya saba. Mai shan maganin tsinka jini ya sassauta hannu.

Yawancin likitoci kan iyakance ɗaga kaya a kilo 2 zuwa 4 a wannan lokaci, ba tura abu mai nauyi, ba ja. Tarkon yana wajen mako na 3 ko na 4, lokacin da ciwon yanka ya lafa mutum ya ji kamar ya warke. Sai a share gida, a ɗauki yaro, a zauna gaban kwamfuta awa uku, washegari hannu ya ɗauki wuta. Ka sa wani ya duba bayanka yayin da kake dafa bango. In allon kafaɗa ya ɓullo waje fiye da ɗayan, gaya wa likitan gashi kafin a fara ƙarfafawa, jijiyar da ke riƙe shi tana ratsa sikalin ta tsakiya, tana iya sagewa bayan aiki.

12. Mako na 6 zuwa na 12

Koma mataki na 8 daga farkonsa, ko da kafin tiyata ka wuce nan. Mako na farko ba roba, ba gora, nauyin hannu kawai. Tsallake rana ɗaya tsakanin ranakun ƙarfafawa. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, ko yawa, ko nauyi, ko tsayin da hannu ke kaiwa, don in ciwo ya tashi ka san mai laifi. Tafiyar ƙafa ko keken motsa jiki na tsaye suna da amfani, amma kada ka jingina nauyinka kan hannuwa.

Mai aikin zama yakan koma tun kafin nan, zai fi kyau da rabin yini tukuna.

13. Daga wata 3 zuwa gaba

Yanzu ne ake shigo da aikin sama da kai, iyo, jifa, da ɗaukar kaya masu nauyi, kuma a rarrabe. Mai fenti ko mai gyaran lantarki ya fara da minti 5 hannu a sama, ya huta, ya ƙara a mako mai zuwa, ya kuma hau tsani ya kusanci aikin maimakon miƙa hannu. Ɗan wasa ya fara da rabin ƙarfi da rabin nisa.

Ƙarfin yatsu da jin fata su ne ke zuwa a ƙarshe. Jijiyar da ta lalace tana tsirowa kimanin milimita 1 a rana, kuma daga wuya zuwa yatsa tafiya ce mai nisa, don haka sauƙi na iya ci gaba da shigowa har shekara ko fiye. Ci gaba da atisayen numfashi, zamar da jijiya da atisaye biyu na allon kafaɗa sau uku a mako ko bayan an sallame ka, domin dawowar ciwon an fi ganinta cikin shekara ɗaya zuwa biyu bayan aiki. In ya motsa, ajiye roba da nauyi, koma mataki na 3 da na 4 na kwana uku zuwa biyar, sannan ka hau daga rabin inda ka tsaya. In mako biyu sun wuce bai lafa ba, ko wani sabon rashin ƙarfi ya bayyana a yatsu, ɗauki littafinka ka koma wurin likitan da ya yi aikin.